"Ya kamata" ta zama mafakar masu gudun alhaki

A takardar sharuɗɗan aikin injiniya, kalma ɗaya ce ke raba abin da za a biya kuɗinsa da abin da za a yi fatan samu. A tsarin ISO, hukumar tsara ƙa'idoji ta ƙasa da ƙasa, shall na nufin wajibi, should shawara ce, may kuma izini. Ɗan kwangila da wannan yake lissafin farashi, mai gwaji kuma da shi yake karɓar aiki ko ya mayar da shi.

Yanzu ana yayin jefar da shall a ɗauki must, musamman tun da Amurka ta kafa dokar rubuta takardun gwamnati da sauƙaƙan kalmomi a 2010. Ban ga laifin wannan ba. Takardar RFC 2119 da Scott Bradner ya rubuta wa masu tsara ƙa'idojin intanet a 1997 ta ɗauki kalmomin biyu abu ɗaya. Sai dai a yi hattara, domin a wajen ISO must na nuna tilas ne da ya zo daga waje, kamar dokar ƙasa. A zaɓi tsari ɗaya, a bayyana shi a shafin farko.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda should, wato "ya kamata", ke ta yaɗuwa a takardu. Ɗauki injin jan ruwa. Aka rubuta cewa ya kamata ya kashe kansa idan ruwan rijiya ya ƙafe. Ɗan kwangila zai duba ya ga ba dole ba ne, ya cire na'urar da ke lura da ruwan don farashinsa ya sauka. Mai gwaji ba shi da hujjar ƙin sa hannu. Ranar da injin ya ƙone, kowa zai buɗe takarda ya nuna bai karya komai ba, kuma gaskiyarsa.

Bradner bai bar kalmar should sakaka ba. Ya sharɗanta cewa mai son kauce mata sai yana da dalili mai ƙarfi, ya kuma auna abin da zai biyo baya. Mutum nawa ne ke rubuta wannan dalilin a yau? Da yawa suna sa ta ne kawai don kada a kama su da alkawari.

Idan rashin abu zai lalata inji ko ya jikkata mutum, ka rubuta shi wajibi, ka sa adadin da za a auna, ka faɗi yadda za a gwada shi.