Kare a Keji, Maigida a Gidan Kallo

Jiya da misalin ƙarfe 2 na rana, ana tsakiyar wannan zafi na bazara da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa, na shiga gidan wani maƙwabcinmu a Kwamba don in mayar masa da tsanin da na aro. A jikin katanga, dab da inda ake ajiye janareta, akwai kejin ƙarfe mai rufin kwano, faɗinsa bai fi tabarma ɗaya ba. A ciki akwai ƙaton kare irin wanda ake kira Caucasian, gashi buzu-buzu kamar an lulluɓe shi da bargo. Harshensa a waje, yana haki, haƙarƙarinsa na sama na ƙasa. Kwanon ruwansa ya kife, simintin da ke ƙarƙashi ya bushe ƙayau, ƙudaje sun yi baƙi a gefen kunnensa inda ya yi gyambo. Ko haushi bai yi mini ba. Ido kawai ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai ƙasa. Tun jiya abin yake cina, shi ya sa na ce yau sai na yi magana, ko da wasu za su ga baƙina.

Kun san yayin da ake yi yanzu a Suleja. Mutum ya gama gini a Kwamba ko Gauraka ko Maje ko ta hanyar Madalla, ya sa tayil, ya ɗora tankin ruwa, ya zagaye katanga da waya mai ƙaya, to saura kare. Kuma ba kowane kare ba. Sai German Shepherd, ko Rottweiler, ko Boerboel, ko Caucasian ɗin nan da na gani jiya. A ɗauki hoton kwikwiyo a bayan mota a sa a Facebook, abokai su yi ta sam barka. Makon farko har madara ake dama masa, yara na rububin ɗaukarsa. Bayan wata 6, ya girma, ya fara cin abincin mutum biyu, ya yaga labulen uwargida, sai a kira mai walda ya haɗa keji. Daga ranar nan an gama da shi. Fitarsa sai tsakar dare, in an tuna, ya zagaya tsakar gida mai siminti, kafin asuba a sake turo shi ciki da sanda.

Da na fito, na tarar da maigidan a ƙofa yana goge babur ɗinsa. Na ce, "Alhaji, don Allah karen nan yana shan wahala. Ko sau ɗaya a rana a ɗan fita da shi ya miƙe ƙafa, a kuma matsar da kejin ƙarƙashin mangwaron can." Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai wannan ba irin naku ba ne. In ya saba da mutane ya lalace. Sai an kulle shi yake yin zafi." Na ce, "Yaushe rabon a yi masa allura?" Ya ɗan yi shiru, ya ce wanda ya sayar masa ya ce an yi komai. Karen ya shekara 2 a gidan.

Wannan magana ta "sai an kulle shi yake yin zafi" ita ce ta fi ƙona mini rai, domin na ji ta a bakin mutum ya fi 10. Eh, zai yi zafi. Kai ma a kulle ka a shagon kwano wata 3 ka gani ko za ka fito kana gaisuwa. Amma zafin da bai san na gida ba, bai san baƙo ba, bai san yaro mai tallar gyaɗa ba, bai san ɓarawo ba, wa zai amfana? Karen da bai taɓa ganin akuya ko ɗan acaɓa ko almajiri kusa da shi ba, ranar da ƙofar keji ta ɓalle, wanda ya fara cin karo da shi shi ne zai kwana a asibiti, kuma sau da yawa ɗan gidan ne ko mai aikin da ke kai masa tuwo.

Ni da a ce masu sayen nan suna ɗan tambayar asalin abin da suke saya, da da sauƙi. German Shepherd sunansa ma ya faɗi aikinsa, karen kiwo ne. Wani hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, shi ya kafa ƙungiyar kula da irinsa a 1899, kuma abin da yake nema shi ne kare mai wuni yana zagaya garken tumaki ba gajiya, mai jin umarni. Rottweiler a da shanu yake korawa zuwa kasuwa a garin Rottweil. Boerboel karen gona ne na Afirka ta Kudu, mai fili ya yi ta sintiri. Shi kuwa Caucasian daga duwatsun Kafkas yake, wajen Jojiya da Armeniya, inda ƙanƙara ke sauka, aikinsa kare tumaki daga kyarkeci. Gashin nan da ke burge Alhaji rigar sanyi ce da Allah ya ɗinka masa. Kuma kare ba ya gumi ta fata yadda muke yi, da haki yake fitar da zafin jikinsa. To ka ɗauko mai wannan riga ka sa shi ƙarƙashin kwano a watan Maris a Suleja, kusa da hayaƙin janareta, ka ce kana son sa. Wace irin soyayya ce wannan, jama'a?

Za a ce babu lokaci. Na san zancen, ni ma a Abuja nake neman abinci. Na san tashin ƙarfe 5, da cunkoson kasuwar Madalla, da na Zuba, da dawowa bayan isha'i jiki duk ya mutu. Amma ranar Asabar fa? Alhajin nan da ba shi da minti 20 na kare, shi ne mai kujerar gaba a gidan kallon ƙwallon unguwarmu. Wasan rana ya kalla, na yamma ya kalla, in akwai na Sifen da dare ya zauna, kowanne minti 90 ban da hutun rabin lokaci da musun da ke biyo baya a wajen mai shayi. Ya san ɗan wasan Arsenal da ya ji rauni a gwiwa, ya san makon da zai dawo, ya san nawa aka saye shi. Yana zaune kan benci, tumbi a gaba, lemon kwalba a hannu, yana zagin yaro ɗan shekara 22 wai ba ya gudu. Shi kuwa rabonsa da tafiyar da ta kai daga Kwamba zuwa kasuwar IBB da ƙafa, sai dai a tambayi takalminsa. Ni ma ina kallon ƙwallo, kuma ina jin daɗinta ƙwarai, ban ce a daina ba. Na dai ce rabin lokaci ɗaya kacal, minti 45, da za a cire a ba karen nan, da shi da maigidansa duk sun samu lafiya. Likita ya riga ya faɗa wa rabin mutanen bencin nan su riƙa tafiya saboda hawan jini da suga. Ga abokin tafiya Allah ya ajiye musu a gida, wanda ba ya makara, ba ya cewa yau ya gaji, sun kulle shi.

Waɗanda muka saba sun san Guguwa, karyata, 'yar gida, ja mai tsayayyun kunnuwa, wadda wani maharbi ya ba ni tana kwikwiya. Ba ta shiga ɗaki, tana da rumfarta a bayan gida, da kwanonta daban da ba ya haɗuwa da namu. Ina dawowa daga sallar asuba za ka ji wutsiyarta tana bugun ƙyauren langa-langa, fat, fat, fat, don ta san lokaci ya yi. In sa mata igiya mu bi ta bayan unguwa, lokacin hazo bai gama sauka daga kan Dutsen Zuma ba, motocin masu zuwa Abuja sun fara jera fitilu a kan titi. Tana tsayawa ta sansana kowace bishiya kamar mai karanta wasiƙa. In mun zo wajen mai ƙosai, sai ta zauna da kanta a nesa, ta san ba a matsawa. Rabin sa'a muke yi, ran hutu sa'a guda. Da dare bayan isha'i in fito da kujera ƙofar gida da littafina da 'yar fitilar caji, ita kuma ta kwanta can gefe, kai kan ƙafafuwa, kunne ɗaya a tsaye. Shafi 20 nake samu kafin barci ya ɗauke ni, ba haushin banza, ba tonon ƙasa. Amma bari baƙon ƙafa ya tsaya a bakin katanga cikin dare, duk layin sai ya sani.

To wannan karya ita ce Alhaji yake kira "irin naku". Mun raina namu, mun mayar da shi na bola da jifa, alhali maharban ƙasar Hausa sun san darajarsa tun kaka da kakanni. Je ka ga 'yan farauta in za su fita daji da rani, ka ga yadda karnuka ke bin iyayen gidansu, kowanne ya san sunansa, ya san fito, ya san kiran ƙaho. Ba banza aka ce karen bana shi ke maganin zomon bana ba. Namu ya san zafin nan, ya fi jure kaska da cututtukan ƙasar, tuwo da ƙashi sun ishe shi. Kuma ga abin da zai ba ku mamaki: siririn karen nan na Buzaye, Azawakh, na yankin Nijar da Mali da Burkina Faso, shi Turawa suke ɗauka da tsada zuwa ƙasashensu, har babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta yi masa cikakkiyar rajista a 2019. Su suna neman na Sahel, mu muna neman na ƙanƙara.

Sai zancen karatu, wanda shi ma yana cikin ciwon. Mutum zai karanta musu mai tsawon zani kan Messi da Ronaldo har wayarsa ta mutu, amma ɗan katin rigakafin da aka ba shi tare da kwikwiyo, mai layi 5, bai taɓa buɗewa ba. Ciwon haukan kare kuwa ba wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Ga shi rigakafin nan ba daga nesa yake ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda take nan tun 1924, tana haɗa allurar karnuka. Duk 28 ga Satumba ake ranar tunawa da wannan ciwo a duniya, ranar da Louis Pasteur ya rasu, mutumin da ya fara yi wa ɗan Adam allurarsa a 1885. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa. Nawa ne cikin masu kejin nan suka san wannan? Karen ɗaruruwan dubbai, amma kuɗin allurar shekara ya gagara.

Na yarda, akwai ɓarayi, kuma muryar ƙaton kare tana sa mai tsallaka katanga ya sake tunani. Na kuma san mutum 2 ko 3 a garin nan da ke riƙe da irin waɗannan karnuka yadda ya kamata, ina haɗuwa da ɗayansu da asuba ta wajen Bakin Iku, shi da karensa kamar soja da kwamandansa, har sha'awa suke ba ni. Su ban da su.

Wasu kuma za su ce ni da nake zuwa masallaci me ya haɗa ni da kare. Mu nan 'yan Malikiyya ne, kuma malamanmu sun tafi a kan cewa duk mai rai tsarkakakke ne, wanke ƙwarya sau 7 in kare ya sa baki umarni ne da ake bi don bauta. An yi izinin riƙe shi don farauta da kiwo da gona, malamai da yawa suka haɗa da gadin gida in akwai tsoro. Ana ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala da muka karanta a zaure, ya ajiye kare a gidansa lokacin da tsaro ya taɓarɓare. Wanda ba ya son kare a gidansa, ya yi daidai, babu mai tilasta masa. Amma wanda ya sa kuɗinsa ya saya, ya ɗauko amana. Duk mun ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Mun kuma ji na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa da takalminsa. Muna jin su a wa'azi muna girgiza kai, mu dawo gida mu wuce kifaffen kwano ko kallo ba mu yi ba.

Yau da safe na sake bi ta ƙofar Alhaji, ni da Guguwa. Na ƙwanƙwasa, ɗansa na fari ya leƙo, yaro ɗan aji 3 na sakandare. Na ce, "Ɗana, je ka cika wa karen nan ruwa, ka sa dutse a cikin kwanon don kada ya sake kifewa." Ya ce, "To, Baba." Sai ya tsaya yana kallon igiyar hannuna, ya ce shi ma yana so ya riƙa fita da nasu, tsoro yake ji kada ya fi ƙarfinsa. Na ce ya faɗa wa mahaifinsa ran Asabar zan zo da sarƙa mai kauri da takunkumin baki, mu fara zagaya tsakar gida tukuna, mu uku, kafin a buɗe gidan kallo.