Kafin a Yanke Ƙafafun Hilux

Ɗan ƙanwata yana koyon kanikanci a wani gareji a Yelwa. Ranar da ya zo Shanga gaishe mu, ko ruwa bai gama sha ba ya miƙo min waya. "Kawu, dubi wannan." Wani Ba'amurke ne ya ɗaga a-kori-kurarsa, ya sa wuta ya yanke ƙafafun gaba ɗungurungum, ya goge shasi fes, sannan ya turo wani tsohon aksil miƙaƙƙe, irin wanda muka saba gani a bayan mota, ya ɗaura shi a gaba. Can ƙarshen bidiyon sai ga motar tana hawan duwatsu, taya ɗaya ta cusa cikin bodi, ɗaya ta zura cikin rami, amma duk huɗun suna dafe da ƙasa. Yaron ya ce akwai wata Hilux da ke yawan zuwa garejinsu, ta ishi mai ita da cin boljoyin da bushin, kuma shi a ganinsa wannan aikin ne maganinta.

Na san abin da ya burge shi, don ni ma masoyin miƙaƙƙen aksil ne. Duk da haka na ce masa kada ya kai wa mai motar wannan shawara, kuma har yau ina kan bakata.

Miƙaƙƙen aksil ƙarfe ɗaya ne da ya riƙe tayoyin gaba biyu. Idan ta dama ta hau tudu, sai ya danna ta hagu ƙasa, shi ya sa motar ba ta cika rasa mariƙa ba a wuri mai hawa da gangara. Kayan da ke jikinsa kaɗan ne: sifirin, shakazoba, sai gaɓoɓin da ke juya taya, waɗanda ke rufe cikin ƙoƙon ƙarfe cike da giris. Ɗaya tsarin kuwa, na zamani, kowace taya da nata hannuwa, tana motsinta ita kaɗai. Ya fi daɗin tuƙi, ya fi riƙe kwalta idan ana gudu, amma gaɓoɓinsa sun fi yawa, kuma robar da ke rufe shaf a fili take. Kara ko kututture ya yage ta, yashi da ruwa su shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kwana.

Toyota ta fara ƙera Hilux a 1968, shekarar da aka kammala madatsar Kainji. Mai jan taya huɗu ta fito a 1979 da miƙaƙƙen aksil a gaba. A Amurka kamfanin ya daina sayar da irinta tun samfurin 1986, alhali a wasu kasuwanni, kamar Ostireliya da ƙasashen Afirka, an ci gaba da samunta har 1997. Daga nan ne wannan al'ada ta yanke ƙafafu ta samo ƙarfi. Ba'amurken da ke son hawan dutse ya rasa sabuwar a-kori-kurar Toyota da zai saya a haka, sai ya koma neman aksil ɗin 1985 zuwa baya yana dasawa a sabuwa, har kamfanoni suka tashi suna ƙera kayan aikin a shirye, an auna an huda. Su wasa ne suke yi da ita ranar hutu. Da yawansu ma a kan tirela suke kai motar bakin dutsen, mutum ɗaya ko biyu a ciki, kowa ɗaure da bel, ga keji na bututun ƙarfe ya kewaye su.

Mu fa? Da zarar ka sauka daga babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta bi Yelwa ta nufi Koko da Jega, abin da ke jiranka ba dutse ba ne. Da damina taɓo ne da zaizayar da ruwa ya yi, da rani yashi da burji mai kunya-kunya da ke kwance noti. A bakin Kwara da gefen tafkin Kainji akwai wata ƙasa da duk direban yankin nan ya san sharrinta: ruwa ya janye, samanta ya bushe ya tsattsage kamar za ta ɗauki tirela, ƙasanta kuwa kunu. A irin wannan wuri abin da ke kafe mota shi ne tulun nan na tsakiyar aksil ya zauna kan tudun da tayoyin manyan motoci suka bari. To Hilux, tsohuwa da sabuwa, dama miƙaƙƙen aksil ne a bayanta, kuma tulunsa na nan a inda yake. Ka canza gaba yadda kake so, na bayan zai ci gaba da sharar ƙasa. Abin da ke ɗaga tulu daga ƙasa girman taya ne kawai. Abin da ke fitar da mota daga laka kuma zanen taya ne, da ogzilari mai aiki, da direban da ya san ya sauka ya taka wurin da ƙafarsa kafin ya shiga. A yashi, rage iskar taya na yin abin da aksil na miliyoyi ba zai yi ba. Hilux ɗin da ke tashi daga Agadas su ratsa hamada zuwa Dirku, da yawansu ƙafafun gabansu na zamani ne, ba wanda ya yanke musu komai.

Lodi ma a baya yake zama. Buhunan albasa da shinkafa shanshera da kwandunan busasshen kifi ba a kan aksil ɗin gaba ake jibga su ba.

Sai aikin kansa, wanda bidiyon minti goma ke haɗiye rabinsa. Dole tulun aksil ya faɗo ɓangaren da farfela ke fitowa daga akwatin ogzilari, in ba haka ba ba za su haɗu ba. Dole haƙoran giyar gaba da na baya su zama lissafi ɗaya. In suka saɓa, ranar da aka sa taya huɗu gaba na ja da saurinsa, baya da nasa, har wani abu ya karye a tsakani. Tsohon aksil ɗin Hilux ya fi na bayan sababbin motoci ƙunci, don haka tayoyin gaba ba za su bi sawun na baya ba. In ka ce bari ka ɗauko na Land Cruiser 79, tun 1999 noti biyar ne a tayarta, Hilux kuwa shida, ka ga safaya ɗaya ba za ta yi maka gaba da baya ba. Hilux ɗin da aka fara sayarwa wajen 2005 kuma sitiyarinta wani tsari ne dabam, sai an cire shi an dasa akwatin sitiyari irin na dā a jikin shasi, a wurin da ba a yi shi don ɗaukar wannan ƙarfi ba. Ga na'urar birki mai hana taya kullewa, wadda tsohon aksil ba shi da mazaunin wayoyinta.

Duk waɗannan kuɗi da haƙuri na iya warware su. Abin da ke hana ni sakewa guda biyu ne.

Na farko saitin sitiyari. Akwai ɗan kwanciya da gaɓar taya ke yi zuwa baya, digiri kaɗan ne, shi ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. Mazaunin sifirin da aka yi wa walda ne ke yanke wannan kwanciyar, kuma ido ba ya auna ta. In ta kauce, ko bushin ya saki, motar za ta yi lafiya lau a cikin gari, sai ranar da take gudu a kwalta ta daki rami, gaban ya kama kakkarwa, sitiyari na fizge hannun direba, ba ya dainawa sai an rage gudu sosai. Masu wannan wasa a Amurka sun san abin har sun raɗa masa suna mai kalmar mutuwa a ciki. Na biyu tsayi. Don kada aksil ya daki kaskon baƙin mai, yawanci sai an ɗaga motar da inci da dama. Mota mai tsayi, a ɗora mata buhuna har sun wuce kan direba, sannan mutane su hau kan buhunan: duk wanda ya taɓa zama a can sama ranar kasuwa ya san yadda cikinsa ke juyawa idan taya ɗaya ta faɗa gefen kwalbati. Na sha hawa haka. Akwai ranar da tayarod ya saki muna tsakiyar tafiya, Allah Ya sa a hankali muke, motar ta gangara gona ta tsaya. Mata da yara ne fiye da rabinmu. Wannan kuwa ƙarfen kamfani ne da ya gaji, ba wanda aka yanka aka ƙara da walda ba.

Ba raina masu waldarmu nake ba. Na ga mai walda ya ɗinke shasin da ya rabe biyu, motar ta ƙara shekaru tana aiki. Amma ɗinke abin da injiniya ya riga ya auna dabam, ƙirƙiro sabon ma'auni dabam. A Ostireliya, wanda ya yi wa mota irin wannan canji sai injiniya ya duba ya sa hannu kafin ta hau titi. A nan, in aka yi, tafiyar farko da fasinja ita ce gwajin.

Inda na yarda da yaron shi ne koken mai motar gaskiya ne. Ƙafafun zamani suna shan wuya a hanyoyinmu, kuma tun da farashin komai ya tashi bayan cire tallafin mai a 2023, canjin boljoyin sau biyu a damina ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai sau da yawa laifin na kayan jabu ne da lodin da ya wuce kima. Kuɗin da za a kashe a nemo aksil daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, a sayi sifirin, a yanka farfela, a sake sitiyari, ya isa a sayi tayoyi huɗu masu zanen laka da kayan ƙafa na asali. Wanda kuma ya ce shi lallai miƙaƙƙen aksil yake so, ai ana sayar da shi a haɗe da motarsa. Land Cruiser samfurin 70, da aka fara a 1984, har yau haka ake ƙera ta, ita ce wadda jami'an tsaro ke hawa ana kiranta Buffalo. Tsadarta ta fi ƙarfin yawancinmu, gaskiya ne. Amma tsofaffin Hilux na kafin 1997 suna nan, wasu na aiki, wasu an jingine su a bayan gareji saboda inji ko ruɓar bodi, aksil ɗinsu kuwa garau. Tayar da irin wannan ya fi min hankali nesa ba kusa ba, domin kowane rami da kowane mazauni na inda maƙerinta ya sa shi.

Idan mutum na da gona a fadama, yana son motar da ba za ta hau kwalta ba, ba za ta ɗauki kowa ba sai shi da buhunansa, ya yanke abin da ya ga dama. Ba ni da ta cewa.

Kafin yaron ya koma na tambaye shi ko ya taɓa kwance gaɓar tsohon aksil, ya wanke, ya sake sil da boris, ya mayar da saitinta. Ya ce bai taɓa ba, maigidansu ne ke yi, shi ma ba kasafai ba. Na ce to ya roƙe shi ya koya masa wannan kafin damina ta faɗi. Ya ce akwai wata tsohuwar Hilux ta wani mai sayen albasa da giris ke tsiyaya daga ƙoƙonta na hagu, ranar Asabar za a kawo ta.