Rawar Gizo-gizo da Abin da Dandamali Ya Yi Mata

Wanda ya taɓa zama a unguwar Hausawa ta New Bell a Duwala ya san yadda kiɗa iri-iri ke karo da juna da dare: makosa daga mashaya, kalangu daga gidan biki. A wurin da ake rawa haka, ya kamata a tambaya: in an ɗauke rawar talakawa aka kai ta gaban masu sayen tikiti, me ke saura?

Tarantela ta kudancin Italiya ta isa misali. Sunanta daga birnin Taranto ne, haka ma sunan wani gizo-gizo da manoma suka gaskata cizonsa na kawo ciwo. Maganin kuwa rawa ce. A kira masu goge da ƙaramin bandiri, mara lafiya ta yi ta juyi har kwanaki, sai ta faɗi. Ran 29 ga Yuni a kai ta ɗakin sujadar Bulus a garin Galatina, domin Bulus ne maciji ya sara a Malta bai cuce shi ba, yadda Ayyukan Manzanni sura 28 ta nuna. A 1959 masani Ernesto de Martino ya je ya bincika. Ya tarar yawancinsu mata ne matalauta, kuma abin da ke cinsu ya fi kama da baƙin ciki da auren dole, ba dafi ba. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a ce masa wannan ya yi kama da bori: ga goge, ga mata, ga faɗuwa.

To, sai manyan makaɗa suka ɗauka. Rossini ya yi waƙa da kiɗanta a 1835, Chopin ya tsara ta don fiyano a 1841. A 1842 August Bournonville ya rufe wasansa na rawar bale mai suna Napoli da ita a Kwapanhagan, Balanchine kuma ya yi tasa a Niyu Yok a 1964. Ba mai musun gwanintarsu. Ƙafafu kamar ba sa taɓa ƙasa, bandiri na kaɗawa daidai. Amma kowa murmushi yake. A Napoli rawar murnar aure ce, alhali matan Galatina sau da yawa auren ne ciwonsu. Gaskiya ne akwai tarantela ta samari da 'yan mata tun da can, kuma ita Bournonville ya gani a Italiya. Sai dai dandamali ya zaɓi mai daɗin kallo ya bar ɗayar a ƙauye. A ganina Ibsen ya fi su fahimta: a wasansa na 1879 ya sa Nora ta yi ta cikin firgita, gashi a warwatse, mijinta na ƙoƙarin gyara mata taku.

Makosa ta fi sa'a. Manu Dibango, haifaffen Duwala, wanda uwarsa ke bi da mawaƙan ikilisiya, shi ya kai ta duniya a 1972 da faifan Soul Makossa, kuma ba a daina taka ta a titunan da ta fito ba. Bori ne ke bin hanyar tarantela. 'Yan wasan gargajiya kan yi shi a bukukuwan gwamnati na ɗan lokaci kaɗan, a tafa musu, matan da suka saba neman sauƙi a wurinsa kuwa ba a ganinsu a cikin masu wasan.