Taklidi a Teburin Mai Haɗa Lantarki

Duk wanda ya san Bompai, wadda ita ce ta fari cikin unguwannin masana'antun Kano, ya kuma ratsa Sharaɗa da Challawa ya ji ƙugin janareta dare da rana, ya san cewa injin saƙa ko na jima ba tsufa kaɗai ke kashe shi ba. Sau da yawa ajalinsa yana cikin ɗan allon lantarkin da ke sarrafa shi, sa'ad da wuta ta gaza bolt 230 da aka ƙaddara mata, ko ta dawo da ƙarfi bagatatan. Saboda haka na yi murna da samarin masu gyara suka rungumi aisin zamani (wato IC) masu daidaita wuta, domin fa'idarsu zahiri ce: tsohuwar 7805, in za ta sauke bolt 12 zuwa 5, fiye da rabin wutar take mayarwa zafi, alhali LM2596, wadda ke datse wuta tana saki sau 150,000 a daƙiƙa, ɓarnarta kaɗan ce.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne taklidi. Yaro ya kwafo zane daga intanet, ya sayo kaya a Sabon Gari, ya narka dalma ya liƙa, da fitila ta kama sai ya ce aiki ya kammala, bai ko buɗe takardar bayanin da kamfanin da ya ƙera aisin ya wallafa ba, wadda ita ce matanin da kowane zane yake yi wa sharhi. Da ya yi muɗala'arta, da ya ga galibin alƙaluman a zafin digiri 25 aka auna su, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma takan kai 40, balle cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano, inda ƙurar hunturu ta riga ta toshe kafofin iska. Kafasita mai ruwa kuwa, bisa ƙa'idar da masana suka yi ittifaƙi a kanta, duk ƙarin digiri 10 rabin rayuwarta yake ci, shi ya sa kake buɗe allo ka tarar kanta ya kumbura, maigidan masana'anta yana zargin wuta, alhali aibin yana cikin zanen.

Tun da aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a Challawa a 2023, ga inbata da batir sun cika gari, wajibi ne malaman Jami'ar Bayero da iyayen gida a shagunan gyara su zaunar da almajiri ya lissafa zafin da aisi za ta fitar, da faɗin ƙarfen da zai sha shi, kafin a miƙa masa dalma.