Wai huɗuba ɗaya ce ta kashe dandalin fim na Ƙofa?

Mai karatu, duk sanda hira da 'yan fim ta biyo ta kan dandalin shirya finafinai na Ƙofa, za ka ji an yi tsaki an ce ai huɗuba ɗaya ce ta kashe shi. Ni dai wannan bayani bai gamsar da ni ba.

A 2016 ne gwamnatin Buhari ta ce za ta gina dandalin a garin Ƙofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, garin Abdulmumin Jibrin, ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kiru da Bebeji. Naira biliyan uku aka ce za a kashe. Sai malamai su ka hau mumbari su ka ce ba su yarda ba, kuma wanda aka fi ambata a cikin su shi ne Sheikh Abdallah Gadon Ƙaya. Kafin watan Yuli ya ƙare, Kawu Sumaila, mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan harkokin majalisa a lokacin, ya sanar cewa an fasa.

To, malam ya yi magana, gwamnati ta janye. Amma ka tambayi kan ka: da jama'a sun aminta da 'yan fim, huɗuba za ta yi wannan tasirin? Ƙasar ta daɗe da jiƙa kafin ruwan ya sauko. Tun 2007, da bidiyon nan na wata 'yar wasa ya bazu a wayoyi, iyaye su ka sa wa harkar alamar tambaya. A zamanin Malam Rabo a hukumar tace finafinai an ɗaure Adam A. Zango, an ɗaure Iyan-Tama, kuma mutanen gari da yawa ko a jikin su. Abin da mai huɗuba ya faɗa a 2016, magidanta sun shekara tara su na faɗar sa a majalisun ƙofar gida. Shi dai ya tattara masu shi wuri guda, sannan WhatsApp da Facebook su ka mai da murya ɗaya ta zama dubbai.

Su kuwa 'yan fim me su ka kare kan su da shi? Lissafin ayyukan yi da matasa za su samu. Gaskiya ne, amma an makara. Shekara da shekaru ka na nuna wa mutum rawa da waƙa a lambu, rana ɗaya ka ce masa makarantar koyon sana'a za ka gina? Haba!

Ko a siyasa haka abin ya ke. A 2015 an yi ta cewa waƙar Rarara, "Masu Gudu Su Gudu", ta taimaki Buhari. Rararan nan dai shi ya yi wa Sha'aban Sharaɗa waƙa a takarar gwamnan Kano ta 2023, ga muryar ga kiɗan ba su canja ba, amma Abba Kabir Yusuf ya lashe. Hatta Kwankwaso, wanda ya samu ƙuri'a 997,279 a Kano a zaɓen shugaban ƙasa na shekarar, guguwar sa ta mai da Jibrin kujerar Kiru da Bebeji, amma da ta gangara maƙwabta, Tudun Wada da Doguwa, Alhassan Ado Doguwa na APC ya riƙe tasa.

Saboda haka ra'ayi na shi ne, har gobe mutum ɗaya na iya girgiza Kano, muddin abin da zai faɗa ya riga ya kwana a zukatan mutane. Juya su daga inda su ka fuskanta kuwa, wannan aikin shekaru ne, kuma a nan fim da littafi su ka fi mumbari dama, domin su ne ke shiga har ɗakin matan aure a kullum. Wannan damar ce masana'antar mu ta yi wasa da ita kafin 2016.

Shi kan sa labarin Ƙofa fim ne sukutum: ga ɗan siyasa, ga malami, ga uba mai tsoron makomar 'yar sa, ga saurayin da ya sa ran samun aiki a garin su. Furodusoshi, wa zai ɗauka?