Tsoro da Dariya a Gajeren Fim Mai Ƙaramin Jari

A shekarar 2005 Taika Waititi da Jemaine Clement suka shirya wani gajeren fim a Niyu Zilan, kan wasu masu shan jinin mutane da ke zaune gida ɗaya. A 2014 suka faɗaɗa shi ya zama What We Do in the Shadows. A ganinmu, ƙarancin jari na daga cikin abin da ya jawo 'yan kallo. Da yake babu kuɗin ƙera dodo mai razanarwa, sai aka mai da dodon abokin zama, mai gardama kan aikin gida. Mai kallo ya hango kansa, ya yi dariya. Sai dai fa in dariyar ta danne tsoron ɗungum, dodo ya koma wawa, fim kuwa ya rasa rabin armashinsa.