Yadda Manoman Indiya Suka Sasanta Murhu da Gona

An daɗe a ƙauyukan Indiya murhu da gona suna takara kan kashin shanu. Mata kan mulmula shi su shanya don girki, gona kuma ta kwana babu taki. Ramin gas, inda kashin ke ruɓewa ya ba da gas na girki, shi ne ya raba gardamar, musamman daga 1984 da ƙungiyar AFPRO ta fito da samfurin Deenbandhu mai araha, wanda ake ginawa a ƙarƙashin ƙasa da jan bulo da siminti.

Gwanintar farko ta magini ce. Yakan ɗaga ƙubbar ramin bulo bayan bulo, sannan ya yaɓe cikinta sau da yawa, domin tsagar da ido ba ya gani ta isa ta zurar da gas ɗin duka.

Daga nan sai aikin manomi. Kowace safiya yakan dama ɗanyen kashi da ruwa daidai wa daida, ya yi kauri kamar kunu, ya tsince kara da tsakuwa, sannan ya tura cikin ramin. Kilo 25 na kashi kan ba da kusan kubik mita ɗaya na gas. Ya san ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kashin ba sa shiri da ruwan sabulu ko maganin ƙwari, kuma idan aka cika musu ciki ramin zai yi tsami, gas ya ragu. Shuɗiyar wuta a murhu ita ce shaidar komai lafiya.

Ribar gona tana fitowa ta ɗaya bakin ramin. Bayan kimanin kwana 40 kashin kan fito ba wari sosai, yawancin irin ciyawar da ke cikinsa ya mutu, sinadaransa kuma sun narke yadda shuka za ta sha da sauri. Gwani ba ya barin wannan taki a rana, don zafi kan kwashe ƙarfinsa. Ko ya bi da shi ta ruwan ban-ruwa, ko ya cakuɗa shi da karmami a inuwa har lokacin shuka.

Wannan ya sauya tsarin noman kansa. Ana ɗaure shanu a gida don kashi ya taru, ana ware fili don noman harawa, karan da a da ake ƙonawa yana komawa ƙasa, kuɗin takin yuriya kuma ya ragu. Ƙasar da ake ciyarwa haka takan riƙe danshi, ta daɗe ba ta gaji ba.

Sharaɗin dai shi ne ruwa da kulawar kullum. Wanda ya iya waɗannan biyu, saniyarsa za ta dafa masa abinci, ta kuma raya masa gona.